DUNIYA MAKARANTA: Labarin Ɗan Majalisar Da Ya Kashe Haraji

Akwai wata amsa da kunnenmu ya saba ji daga bakin wakilan majalisun dokoki na jihohi duk lokacin da wa'adinsu ya cika, suka komo gida neman a sake zaɓensu. In aka tambayi wakili abin da ya ƙulla tun da aka tura shi, sai ya ce ai jam'iyyarsa ba ta da rinjaye, shi kaɗai ba yadda zai yi, kuma kowa ya san sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Saboda wannan amsa ne na ga ya kamata a wannan mako mu yi doguwar tafiya zuwa Alaska, jihar da ke can ƙuryar arewa maso yammacin Amurka, domin mu dubi wani wakili wanda ya shiga majalisa mai kujera 40 shi kaɗai tilo daga jam'iyyarsa, amma kafin shekara biyu ta cika ya sa aka soke harajin da aka yi shekara 31 ana karɓa. Sunansa Mista Dick Randolph. Labarinsa yana da daɗin ji, sai dai kuma akwai tsakuwa a gindin ƙwaryar, za mu zo kanta.

Da farko ya kamata mai karatu ya san irin ƙasar da muke magana a kanta. Alaska dai Amurka ta saye ta ne daga hannun Rasha a shekarar 1867 a kan dala miliyan 7 da dubu 200, ba ta kuwa zama cikakkiyar jiha ba sai a 1959. Girmanta ya kusa ninka na Nijeriya, amma a ƙidayar 1980 mutanenta kimanin dubu 400 ne kacal. Babban birninta Juneau, inda majalisa take zama, babu hanyar mota da ta haɗa shi da sauran jihar, sai a jirgin sama ko na ruwa. A irin wannan wuri mutum shi ne mai faskaren itacensa, shi ne mai gyaran motarsa, wani ma shi ne mai harbo naman da iyalinsa za su ci har sanyi ya wuce. Ba abin mamaki ba ne in irin waɗannan mutane ba su son hukuma ta riƙa sa musu ido cikin al'amuransu.

Shi Randolph ba haifaffen Alaska ba ne. An haife shi a jihar Idaho a 1936, ya zo Alaska a 1960 a matsayin malamin makaranta, daga baya ya ajiye alli ya zauna a garin Fairbanks yana aikin wakilcin kamfanin inshora. Wannan sana'a kuwa ta shiga gida-gida ce, sai mai bakin shawo kan mutum ya rabu da kuɗinsa yau saboda abin da bai faru ba tukuna, kuma lalle ta yi masa rana a fagen siyasa. A 1970 ya ci zaɓen majalisar wakilai ta jihar a ƙarƙashin jam'iyyar Rifablikan, ya yi wa'adi biyu, watau shekara huɗu, domin a can shekara bibbiyu ake zaɓen wakilan wannan majalisa. Sa'an nan ya bar kujerar ya koma kan sana'arsa. Da ya tashi komowa kuwa, sai ya komo da wata tuta dabam, ta jam'iyyar Libatariyan.

Ita wannan jam'iyya an kafa ta ne a jihar Colorado a ƙarshen 1971, kuma aƙidarta ba ta da wuyar bayani. A ganinsu, aikin gwamnati bai wuce ta tsare ran mutum da dukiyarsa ba, ta kafa kotu ta raba gardama, daga nan kuma ta sakar masa mara. Abin da mutum ya samu da gumin goshinsa nasa ne, yadda kuma zai tafiyar da rayuwarsa shi ya sani, muddin bai cuci wani ba. Saboda haka suna ƙin yawan haraji, suna ƙin yawan dokoki da lasisi, suna ƙin gwamnati ta shiga kasuwanci. A sauran jihohin Amurka, inda Rifablikan da Dimokurat suka kankane kome, ana ɗaukarsu 'yan tsiraru masu yawan surutu. Amma a zaɓen watan Nuwamba na 1978 mutanen Fairbanks suka zaɓi Randolph, ya zama mutum na farko a duk faɗin Amurka da ya ci kujerar majalisar dokoki ta jiha da tutar wannan jam'iyya. Tsarin zaɓen ya taimake shi, domin a lokacin mazaɓar Fairbanks wakilai da yawa take aikawa a tare, waɗanda suka fi yawan ƙuri'a su ne ke wucewa, ba lalle sai mutum ya zo na ɗaya ba.

To, amma ruwa ba ya tsami banza. Abubuwa biyu ne suka share masa fage. Na farko shi ne maganar ƙasa. Fiye da rabin ƙasar Alaska a hannun Gwamnatin Tarayya yake, kuma a watan Disamba na 1978 Shugaba Jimmy Carter ya keɓe eka miliyan 56 ya sa su cikin wuraren da gwamnati ke karewa, abin da ya fusata maharba da masu haƙar ma'adinai, har aka ƙona mutum-mutuminsa a Fairbanks. Duk mai zagin hukuma a wannan lokaci ba ya rasa masu tafa masa. Na biyu kuwa, wanda ya fi girma, shi ne man fetur. A 1968 aka gano wani makeken tafkin mai a Prudhoe Bay, a ƙasar da take mallakar gwamnatin jihar. A watan Satumba na 1969, a yini ɗaya tak, jihar ta samu dala miliyan 900 daga sayar da iznin haƙa, kuɗin da ya ninka kasafinta na shekara sau da yawa, kuma cikin 'yan shekaru aka nemi kuɗin nan aka rasa, jama'a suna tambayar inda suka shiga. A watan Yuni na 1977 mai ya fara gudana cikin bututu mai tsawon mil 800 zuwa tashar jiragen ruwa ta Valdez. Da juyin juya halin Iran na 1979 ya cilla farashin mai sama, sai baitulmalin jihar ya cika ya batse.

A nan ne Randolph ya ɗauko tambaya guda ɗaya, bai haɗa ta da kome ba. Tun da gwamnati tana samun kuɗin da ta rasa inda za ta kai su, don me za ta ci gaba da yankar albashin ma'aikaci? Harajin kuɗin shiga da ake magana an kafa shi ne tun 1949. Ya san sarai cewa in ya tsaya a zauren majalisa yana ɗaga hannu shi kaɗai, shirin dokarsa zai mutu a kwamiti. Sai ya buɗe tsarin mulkin jihar ya karanta. A cikinsa akwai wata ƙofa wadda ta ba jama'a ikon kawo doka da kansu: in aka tara sa-hannun mutane da yawansu ya kai kashi 10 daga cikin 100 na waɗanda suka jefa ƙuri'a a babban zaɓen da ya gabata, to, dole a kai maganar gaban masu zaɓe su yanke hukunci. Akwai kuma wani sharaɗi, cewa in majalisa ta riga ta kafa doka mai kama da wadda jama'a suke nema, an kashe maganar ƙuri'ar ke nan. Randolph da magoya bayansa suka bazama suna tara sa-hannu har suka cika adadin, aka sa maganar cikin jerin abubuwan da za a kaɗa wa ƙuri'a a watan Nuwamba na 1980, ranar da su kansu wakilan za su fuskanci masu zaɓe.

Daga nan sai lissafi ya canza. Wakilan manyan jam'iyyu biyu suka ga cewa in suka bari aka je ga ƙuri'a, harajin zai mutu, yabon kuma ya tafi ga mutum ɗaya. Da farko majalisa ta nemi ta raba gari biyu, ta kafa dokar da ta ɗauke harajin daga kan waɗanda suka yi shekaru suna biya, ta bar shi a kan sababbin zuwa. Kotun Ƙoli ta jihar ta ce wannan bambanci ya saɓa wa tsarin mulki. Da hanya ta ƙure, sai aka kira zama na musamman a watan Satumba na 1980, aka soke harajin ɗungurungum, Gwamna Jay Hammond kuma ya sa hannu ba da son ransa ba. Wakili ɗaya ya kora majalisa sukutum zuwa inda ba ta yi niyyar zuwa ba.

Bayan wannan sai tauraronsa ya haska. A zaɓen 1980 aka sake zaɓensa, ya kuma samu abokin tafiya, Mista Ken Fanning, suka zama su biyu. A wannan zaɓe ne ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyarsu, Mista Ed Clark, wanda kimanin kashi 1 daga cikin 100 kawai ya samu a ƙasa baki ɗaya, ya samu kusan kashi 12 a Alaska. A watan Yuni na 1981 kuma ƙuri'unsu biyu suna cikin haɗin gwiwar da ya tumɓuke shugaban majalisa Jim Duncan na Dimokurat, ya ɗora Joe Hayes na Rifablikan. A 1982 Randolph ya fitar da littafi kan ra'ayinsa, ya bar kujerarsa ya nemi gwamna. Ya samu kusan kashi 15 daga cikin 100, abin da ba ƙarami ba ne ga ƙaramar jam'iyya, amma dai shi ne na uku, Mista Bill Sheffield na Dimokurat ya lashe. A wannan shekara aka sake yanka mazaɓu, Fanning ya faɗi, majalisa ta wayi gari babu Balibatariye ko ɗaya. Wani Mista Andre Marrou ya ci kujera a 1984, ya rasa ta a 1986. Shi kansa Randolph ya koma Rifablikan a 1986 ya nemi tsayawa takarar gwamna, bai samu ba. Iyakar zamansa a majalisa ke nan, shekara takwas, huɗu da tuta ɗaya, huɗu da wata.

Me ya sa jam'iyyar ta yi tashin gishirin Andurus haka? A ganina, nasararta ce ta cinye ta. Jam'iyyar da ta tara jama'a a kan ƙin haraji, ranar da aka soke harajin ta rasa abin faɗa a dandali, sauran manufofinta kuma ba su da masu saye da yawa. Ban da haka, tafiyar ta rataya ne a wuyan mutum ɗaya, da ya bar kujerarsa ya tafi neman wadda ta fi ta, sai aka rasa tsuntsu aka rasa tarko.

Yanzu kuma mu zo ga tsakuwar da na ambata. Gwamna Hammond, wanda ya mulki jihar daga 1974 zuwa 1982, shi ma bai yarda a bar wa 'yan siyasa kuɗin mai su yi yadda suka ga dama ba. A zamaninsa ne, a 1976, jama'a suka amince da gyaran tsarin mulki wanda ya kafa Asusun Dindindin, inda ake zuba aƙalla kashi 25 daga cikin 100 na kason da jihar ke samu daga ma'adinai, a juya kuɗin, kada a taɓa uwa. Shi ne kuma ya dage a riƙa raba wa jama'a wani abu daga ribar. Tsarinsa na farko ya ba kowa dala 50 a kan kowace shekara da ya zauna a jihar tun 1959, amma Kotun Ƙoli ta Amurka ta rushe shi a watan Yuni na 1982, sai aka koma raba daidai wa daida, aka ba kowane mazaunin jihar, yaro da babba, dala 1,000 a wannan shekara. A kan a mayar wa jama'a kuɗin mai, bakinsa da na Randolph ya zo ɗaya. Inda suka rabu shi ne haraji. Hammond ya so a jingine shi ne kawai, a bar dokar tana nan, in rana ta ɓaci a ɗauko ta. Hujjarsa ita ce, mutumin da ake taɓa aljihunsa shi ne mai sa ido ya ga yadda ake kashe kuɗin gwamnati, wanda kuwa ba ya biyan ko anini, kome aka ce za a gina sai ya ce a gina. Har ya rasu a 2005 yana bayyana nadamarsa a kan sa hannun da ya yi.

Lokaci kuwa ya ba maganarsa ƙarfi. Soke harajin bai rage girman gwamnati ba, alhali kuwa wannan shi ne babban burin Libatariyan. A shekarun farko na 1980 jihar ta yi ta kashe kuɗi ba ji ba gani. Da farashin mai ya faɗi warwas a 1986, har ganga ta kusa komawa dala 10, sai aka shiga yanke kasafi, bankuna suka durƙushe, dubban mutane suka bar gidajensu suka fice daga jihar. Man da ke bi ta bututun nan ya kai ƙololuwarsa a 1988, kimanin ganga miliyan 2 a kowace rana, daga baya ya yi ta ja da baya har ya koma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wannan adadi. Da farashi ya sake faɗuwa a 2014, gwamnati ta shiga cin ajiyarta. A 2016 Gwamna Bill Walker ya zaftare kusan rabin kuɗin rabon shekara, kowa ya tashi da dala 1,022. A 2017 majalisar wakilai ta amince a maido da harajin kuɗin shiga, majalisar dattawa ta yi fatali da shi. Tun daga 2018 ribar Asusun Dindindin ake ɗiba ana tafiyar da gwamnati, watau malamin makaranta da mai gyaran hanya suna ci ne a ƙwarya ɗaya da kuɗin rabon jama'a, kowace shekara kuma sai an yi rigima a kan wanda zai ci loma mai girma.

Ya kamata mu yi wa Randolph adalci. Kuɗin da ya bar wa ma'aikata a aljihunsu kuɗi ne na gaske, kuma babu mai iya rantsuwa cewa da an ci gaba da karɓarsu a 1981 da ba su bi hanyar dala miliyan 900 ɗin nan ba. Mutanen Alaska kuma ba yara ba ne, sun yi shekaru fiye da 40 suna da damar maido da harajin, ba su yi ba. Amma gaskiyar da ba a iya ɓoyewa ita ce, 'yancin da ya samo musu ba daga tsuke bakin aljihun gwamnati ya fito ba. Ya fito ne daga rijiyoyin mai waɗanda gwamnati ce ta mallaki ƙasarsu. Mutumin da ya shafe rayuwarsa yana cewa gwamnati ta cire hannunta daga dukiya, babbar nasararsa ta tsaya ne a kan dukiyar gwamnati. Ya sauke wa jama'a kaya, amma igiyar da aka ɗaure kayan da ita, ita ce kuma take riƙe da wuyan hukuma, duka biyun ya tsinke.

Mai karatu a nan gida ba ya bukatar a faɗa masa inda wannan labari ya taɓa mu. A 1979, shekara guda kafin abin da ya faru a Alaska, gwamnatocin jam'iyyar PRP na Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Dalilinsu dabam ne da na Randolph, domin su sun taso ne daga gidan Malam Aminu Kano, kuma harajin da suka soke na kai ne, wanda ake ɗora wa talaka ko da ya noma ko bai noma ba, ake kuma wulaƙanta shi wajen karɓa. Babu mai hankalin da zai yi kewar wannan. Amma abin da ya ba da damar sokewar iri ɗaya ne a wuraren biyu, watau kuɗin mai da ke zuwa daga wani wuri. Har yau yawancin jihohinmu da kason wata-wata daga Asusun Tarayya suke rayuwa. Gwamnan da ba daga hannun jama'arsa yake samun abin kashewa ba, ba ya jin dole ya yi musu bayani, su ma jama'ar sukan ɗauka kuɗin gwamnati ba na kowa ba ne. Ga shi kuma mu ba mu yi tanadin da Alaska ta yi ba. Asusun rarar kuɗin ɗanyen mai da aka buɗe a 2004 an yashe shi, asusun ajiya na ƙasa da aka kafa da doka a 2011 kuwa da dala biliyan 1 ya fara, alhali nasu ya haura dala biliyan 70, ga jama'ar da ba ta kai miliyan ɗaya ba.

Saboda haka darasi biyu nake so mu ɗauka. Na farko na wakilanmu ne. Tsarin mulkinmu bai ba jama'a ikon kawo doka da sa-hannu kamar na Alaska ba, wannan gaskiya ne. Amma abin da Randolph ya yi amfani da shi ya wuce wannan ƙofa: ya zaɓi magana ɗaya wadda kowane mai albashi zai fahimta, ya karanta ƙa'idojin gidan da ya shiga har ya fi masu gidan saninsu, sa'an nan ya fita waje ya tara jama'a har na ciki suka ji tsoro. Wakilin da ya ce ƙarancin jam'iyyarsa ne ya hana shi aiki, a tambaye shi magana ɗaya da ya riƙe, da kuma sau nawa ya komo mazaɓarsa a kanta. Na biyu kuwa namu ne, mu masu zaɓe. Duk ɗan siyasar da ya zo ya ce zai sauke mana wani nauyi, mu gode masa, sa'an nan mu tambaye shi wanda zai ɗauka in rijiya ta ƙafe. Mutanen Alaska ba su yi wannan tambaya da ƙarfi ba a 1980, ga shi jikokinsu suna ta fama da ita. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.